Harshen Fasto Ɗantani

Akwai cinikin da in an ƙulla shi ba a warwarewa, kuma irinsa Fasto Ɗantani ya yi.

Ƙaramar majami'a yake riƙe da ita a wani ƙauye bayan Wudil, ginin laka da rufin kwano. Da farko mutumin kirki ne, ban ƙi ba. Yakan buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta, ya ce a tuba. Sai dai wa'azin tuba ba ya cika benci. Da ya je taro birni ya ga fastoci da manyan motoci, sai ya dawo zuciyarsa na ci masa wuta.

Ranar Juma'a ya ce wa matarsa Rifkatu zai leƙa kara, kasuwar shanu, ya duba maraƙi. Ƙarya yake. Bakin kogi ya bi har gindin wata tsohuwar kuka, inda wani boka ke zaune a bukka. Rana tsaka ce, amma ciki duhu ne da ƙarnin jini. Ga tukunya an ɗaura mata jan ƙyalle, ga ƙahoni jere, ƙudaje sun rufe su. Ya sunkuya ya shiga.

Bokan bai ɗago ba ya ce, "Malamin coci, jama'a kake so. Za su zo. Harshenka muke so."

"Yanke shi za ku yi?"

"Aro za ka ba mu. Littafinka kuma ka ɗaga shi yadda ka ga dama, amma kada ka buɗe."

Ya ga abin da sauƙi. Aka yanka baƙar kaza, aka ɗiga masa jinin a harshe, ya haɗiye.

Kai, ka ga jama'a! Ran Lahadi bakinsa ya riƙa zuba da kansa: bana shekararku ce, talauci ya ƙare, ku karɓa. Daga Darki da Achika ake cika motoci. Aka rushe laka aka yi siminti, mota ta zo, Rifkatu ta sa leshi. Wani dattijon majami'ar, Baba Ayuba, ya tare shi a bakin ƙofa ya tambaye shi a wace aya aka faɗi haka, ya roƙe shi ya buɗe musu su gani. Fasto ya ce hassada ce. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya tafi, mutum kaɗan suka bi shi.

Sai mahaifiyar Fasto ta kwanta lafiya ba ta tashi ba. A bakin kabari ya so ya yi ta'aziyya, bakinsa ya ce bana shekararku ce. Mutane suka kalli juna. Ba a jima ba ƙanin Fasto ya tuɓe riga ya shiga kasuwa yana dariya. Tsoro ya kama Fasto sosai. Ya koma gindin kuka, ba bukka, ba boka, sai ƙudaje.

Sannan zazzaɓi ya kama Murna, 'yarsu tilo. An kai ta asibiti, an dawo da ita, numfashi sama-sama. Ta riƙo hannunsa.

"Baba, ina jin tsoro. Karanta mini Zaburar makiyayi, kamar da."

Ya buɗe Littafin. Rubutu na nan sarai, yana ganinsa. Ya buɗe baki, hawaye na zuba, sai murya ta fito garau, da fara'a:

"Bana shekararki ce! Karɓa! Karɓa!"

Rifkatu ta fizge Littafin ta fara karantawa, amma yarinyar ta riga ta saki hannunsa. Muryar nan ce abu na ƙarshe da ta ji daga ubanta.

Majami'ar yanzu awaki ke kwana a cikinta. Shi kuwa yana bakin gadar Wudil da tsumma, yana yi wa motoci albishir, idanunsa na kuka.

Ku da kuke zama a benci, in mai wa'azi ya ɗaga Littafi yana yi muku alkawarin duniya, ku ce ya buɗe. In ya ƙi, ku kama hannun 'ya'yanku ku fita.