Awon da Taufiƙ Bai Yi Ba

Ranar da Taufiƙ ya fara ganin Sadiƙa, laka ce har gwiwarsa. Aikinsa ke nan: kowane wata ya shiga kwalekwale a tafkin Lagdo, ya zura igiya mai dalma, ya rubuta inda yashi ya taru. Ita kuwa tana bakin ruwa tana juya bandar kifin mahaifinta, Alhaji Oumar.

"Jam na, malam mai laka?" ta gaishe shi da Fulatanci tana dariya.

Shi ke nan, bawan Allah ya susuce.

Da Sadiƙa ta kai wa mahaifinta maganarsa, Alhaji ya ce bai san zancen ba. "Mai wasa da igiya? Ga Mahamat mai motoci a Garwa yana nemanki."

Ranar awo sai ga saƙonta: "Nurina, Baba ya yi tafiya. Inna ta ce ka zo ku gaisa. Kar ka ba ni kunya."

Ya tafi kuwa. Awon mashigar gabas sai ya kwafi na watan jiya, ya miƙa wa shugabarsa, Madam Jeannette. Shekara goma sha biyu ana cika littafin awon nan, ba a taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Bayan mako biyu Alhaji ya tare shi. "Kai mai igiya, jirgin kifina zai wuce ta gabas?"

"Zai wuce, Baba."

Jirgi ya kafe a yashi, ɗanyen kifi kwando talatin ya ruɓe a rana. Alhaji ya kori matuƙinsa Luc, mai 'ya'ya biyar.

Kunya ta hana Taufiƙ haɗiye ko loma. Da ya faɗa wa Sadiƙa ƙaryar da ya yi a awon, ta daɗe tana kuka.

"Ina sonka, Nurina. Amma gara Baba ya hana ni kai, da in auri wanda ya bar Luc da laifinsa."

Ya je ya durƙusa gaban Alhaji, ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

Alhaji ya dube shi, ya ce:

"Da ka yi shiru, ba wanda zai sani. Je ka gaya wa madam ɗinka, ka roƙi Luc gafara. In ya yafe, turo manyanka."

Sai da ya yi sawu uku gidan Luc kafin ya yafe masa.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Luc ne ya tuƙa jirgin amarya, ya bi ta yamma abinsa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.