Uwar Kifin da Aka Naɗe da Yadin Jins

A duk Hausawan Guangzhou ni Dogara na fara ganin kifin nan. Ban taɓa zama a aji ba, amma na yi su a Tafkin Chadi har giwan ruwa ta ƙare a gabana, kwale-kwale ya kife da ni ban mutu ba. Shi kifin nan, shun ake kiransa da Sinanci, mai dogon baki, ƙaya jere a gadon baya. An kame shi har ya kusa ƙarewa, sai masana suka killace uwa guda a tafkin kiwo, suna sakin 'ya'yanta a kogi, duk shekara su ƙirga. Kaɗan-kaɗan dai ana ƙaruwa.

Ana gab da Olamfik aka wayi gari babu uwar, ga ciki cike da ƙwai.

Sufeto Liang ya iso, ya zagaya tafkin. A jikin wayar shinge ya zaro ƙyallen jins, jiƙe sharkaf, yana zubar da shuɗi.

Mai gadi ya rantse bai gusa ba. Da aka matsa, ya ce shayi ya je sha. Amma ya ce akwai wani baƙar fata da ke zuwa kallon kifin duk Juma'a.

Munkaila ke nan, ɗan masuntan Yawuri mai sarin takalma a kasuwar Zhanxi. Aka ɗauko shi, Madina ɗalibar likitanci tana tafinta.

"Me ke kai ka wurin?" in ji Sufeto.

"Kewar ruwa, ranka ya daɗe."

"Kifi mai tsawon mutum, yaya ake ɗaukar sa da rai?"

Wawan, maimakon ya yi shiru sai baki ya buɗe. "A naɗe shi da jiƙaƙƙen yadi mai kauri, a rufe masa ido."

Sufeto ya ajiye ƙyallen a tebur. Munkaila ya ga kurkuku ƙiri-ƙiri.

"Wa ka taɓa gaya wa haka?"

"Sai Tankari, da muna hira."

Aka kira Tankari, dillalin jins ɗan Maraɗi, mai saro kaya a masana'antun jins na Xintang. Ya shigo hannuwa cikin aljihun jallabiya.

"Rabona da Xintang tun watan jiya, Mushe Sufeto. Masassara nake."

Sufeto ya daɗe yana aiki a unguwarmu, ya san ba ma shiga wuri mu ƙi ba da hannu. Ya kalli aljihun nan, ya ce wa Madina, "Wane ne babbanku?"

Wa za a kira in ba ni ba?

Na shiga da sandata, na miƙa hannu. "Tankari, ya jiki?"

Ɗan Maraɗi ya bar hannun tsoho a sama? Ya rusuna, ya zaro duka biyun ya kama nawa. "Da sauƙi, Baba."

Ban saki ba. Farce shuɗi, tafi duk yanka a jere, daidai ƙayar bayan shun.

"Masassarar taka da kaifi," in ji Sufeto.

Tankari ya zauna daɓas. "Laoban ne, mai masana'anta. Ƙwan yake so ya ci da baƙinsa ranar buɗe Olamfik. Ya ce in na kawo, kayana za a fara ɗinkawa. Motarsa ma ya ba ni da direba."

"Uwar kifin tana ina?"

"Kwamin ɗaurayar jins a masana'anta. Ruwa mai tsabta na zuba mata, wallahi."

Aka buga masa ankwa, aka wuce da shi ɗauko laoban. Uwar tana nan da ranta, ta ɗan yi shuɗi a wutsiya.

Aka saki Munkaila, na saya masa taliya da naman rago a unguwar Liuhua. Da aka zo sakin 'ya'yanta a kogi har da mu aka gayyata. Munkaila ya tuntsurar da bokiti, ni na yi bismilla.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Zhanxi ranar Juma'a, in kai shi tafkin da ƙafata. In ya isa, ya sa hannu ya shafa bayanta.