Mai Zarto Ta Ƙi Ajiye Zarto

"Wa ya aike ka?"

Ba ta ko ɗago kai ba ta jefa masa tambayar. Zarton da ke hannunta na ta cin katako, garinsa na zuba a kan takalminta.

Malam Lissafi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kafinta, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Rabin raina, ki saurare ni mana..."

"Ka bar rabin ran nan tukuna. Tambayarka na yi. Wa ya aike ka ka tsaya gaban kwamitin iyaye ka ce zan bar ajina?"

"Don ke na yi."

"Don ni?" Sai yanzu ta ajiye zarton ta dube shi, idanunta sun kaɗa sun yi ja. "Don ni ka yi, amma a bakin yara na ji? 'Yan mata ne suka tare ni da kuka, wai Malama an ce aure za ki yi ki tafi ki bar mu. Ni da aurena, sai a bakin 'yan aji biyu nake jin labari!"

Da ya san haka abin zai zo masa, da ya haɗiye maganarsa a wurin taron nan ko da za ta shaƙe shi.

Ga yadda abin ya faro. Da aka dawo hutu aka shiga zangon farko, makarantar ta buɗe wa 'yan ƙaramar sakandare darussan bayan tashi. Akwai ajin girki, akwai na muhawara, akwai na kwamfuta, sai kuma ajin kafinta da ita ta nace sai an buɗe. Marigayi Abbanta kafinta ne, a gindin bencinsa ta tashi, ta iya riƙe guduma tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Dariya aka yi mata a ɗakin malamai, aka ce wace yarinya ce za ta zo ta ɓata hannunta da ƙusa. Ba a yi nisa ba sai ga 'yan mata sun cika ɗakin, har wasu a tsaye, suka kuma laƙaba mata Mai Zarto.

Yawancinsu daga ajin girki suka gudo. Malamar ajin, Anti Girki, ta wayi gari da tukwane sun fi ɗalibai yawa, kuma ba mace ba ce mai yafe irin wannan.

Dokar makarantar ita ce, duk ɗakin da ake aiki da abu mai kaifi, dole manya biyu su kasance a ciki. Malam Lissafi ne ya ɗaga hannu ya ce shi zai zama na biyun. Mutumin da bai san banbancin ƙusa da sukuru ba, amma kullum shi ne farkon zuwa. Tun yana riƙe mata katako tana yankawa har ya zama in bai zo ba aikin ba ya yi mata daɗi. Ta so shi, so mai tsanani, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba.

Ana haka wata rana sartse ya shige mata tafin hannu. Ya kama hannun yana cire mata da allura, a gaban yara, ƙofa a buɗe. Anti Girki da ke wucewa ta taga ta ɗaga waya ta ɗauki iya hannuwan biyu da fuskokinsu, ta yanke yara da allura daga hoton. Kafin la'asar ya zagaye zauren iyaye na waya. Anti Girki kuwa abin nema ya samu, domin 'yar aminiyar mahaifiyarsa ce, kuma ta daɗe tana yi masa kallon nata.

"Ki fahimce ni," ya ce yana matsowa. "Suna ta jifanki da maganganu, ni kuma ba zan iya ji ba. Hajiyata ta ce ta amince da aurenmu in har za ki ajiye aikin nan. Sai na ga ai shi ke nan, bakin kowa ya mutu. Na ce musu aure za mu yi, kuma za ki bar ajin."

"Wato ka amsa laifin da ban yi ba."

"Ba haka nake nufi ba, masoyiyata."

"Haka suka ji. Sun ji an kama mu, za ka rufa mini asiri ka kai ni ɗaki." Muryarta ta karye, ta yi maza ta gyara. "Mata kake nema, ko abin kunya kake neman inda za ka ɓoye?"

Ya sake matsowa.

"Fita," ta ce a hankali. "Kada ka ƙara tako ɗakin nan."

Ya fita yana waiwaye. Sai da ta daina jin takunsa sannan ta zauna a kan benci ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Umma na zaune a falo tana ninke kaya, labari ya riga ta isowa.

"Ke yanzu miji kamar wannan za ki watsar saboda katako?"

"Umma, ba saboda katako ba ne."

"To saboda me? Yaro ya fito ya wanke ki a gaban mutane, ke kuma kin kore shi kamar wanda ya zo bara. Yayanki ma ya bugo waya, ya ce in ba ki bar ajin nan ba shi zai zo ya kulle shi da hannunsa."

"Bari ya zo. Ni na sa wa ƙofar sakata, na san yadda ake cire ta."

Umma ta kama haɓa tana kallonta.

"Taurin kan Abbanki kika kwaso kaf, ko ɗiris ba ki rage wa 'yan uwanki ba."

"Umma, akwai yarinyar da ranar farko hannunta rawa yake in ta ɗauki guduma. Jiya ta haɗa kujera da kanta, ta zauna a kai, ta ƙi tashi har aka tashi. In na tafi yanzu, me na koya musu? Cewa da an ɗaga waya an ɗauke ka hoto sai ka tattara ka gudu?"

"Ni dai aure nake so ki yi."

"Ni ma ina so, Umma. Wallahi ina sonsa." Hawaye suka zubo mata. "Amma ba a haka ba."

Umma ta ci gaba da ninke kayanta.

Tsugunne ba ta ƙare ba. Washegari Shugaban makaranta ya kira ta ofis, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Malama, ni na san ba ki yi komai ba. Amma doka doka ce. Kin kori na biyunki. In ranar darasi ta zo ba ki da wani babba a ɗakin, zan rufe ajin, yaran su koma girki."

Nan ta gane ramin da ta faɗa. In ta bi maganar Malam Lissafi, ajin ya tafi. In ta tsaya a kan bakanta, ajin ya tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yana da ciwon baya, waccan ta ce garin katako na tayar mata da asma, malamin kwamfuta kuwa da ya hango ta sai ya kara waya a kunne alhali ba wanda ya kira shi. Kowa na tsoron kada gobe a ga hotonsa. Da ta rasa, sai ta nufi ɗakin girki kai tsaye.

Anti Girki na goge tukunya, ta tarbe ta da murmushi har kunne.

"A'a, amarya ce da kanta?"

"Na zo roƙonki ki zama ta biyuna."

"Ni?"

"Ke mana. Ai na ga kin fi kowa sanin abin da ke faruwa a ɗakina. Maimakon tsayuwa ta taga rana na dukanki, ki shigo ciki in ba ki kujera."

Murmushin ya ɗauke ɗif. Mai Zarto ta juya ta tafi abinta. Ba ta sami na biyu ba, amma ta sami sanyi a ranta, kuma a ranar wannan ma ba kaɗan ba ne.

Ana gobe darasi, tana share ɗakin ita kaɗai, sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Hajiya ce, mahaifiyar Malam Lissafi, ta tsaya tana tattare gefen mayafinta kada ya taɓa ƙasa.

Mai Zarto ta durƙusa ta gaishe ta, ta goge kujera ta miƙa mata.

"Ba zama ya kawo ni ba. Miƙo hannunki in gani."

Ta miƙa. Hajiya ta dubi kantar da ke tafin, da farcen da aka yanke ƙasa-ƙasa, da tabon gam a yatsa.

"Da wannan hannun za ki shiga gidan ɗana?"

"Shi Allah ya ba ni, Hajiya."

"Yarona ya daina cin abinci saboda ke. Abu ɗaya na nema, ki ajiye wannan aikin na maza. Ko ya fi ƙarfinki?"

Ta janye hannunta a hankali.

"Hajiya, ke uwa ce, ba zan yi musu da ke ba. In kin ba ni shi, zan riƙe miki shi da mutunci, zan bi ki kamar Ummata. Amma in na ce miki zan ajiye, ƙarya na yi miki, kuma ba na so in fara zama da ke da ƙarya."

"To kin zaɓa."

"Ban zaɓa ba, Hajiya. Zaɓa mini ake ta yi, ni kuma ina cewa a'a."

Hajiya ta juya ta fita ba sallama.

Ranar darasi, ana kaɗa ƙararrawar tashi 'yan matan suka cika ɗakin. Akwatin kayan aiki na kulle, makullin na hannun Shugaba, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo. Mai Zarto ta tsaya a gaban allo ta harɗe hannu, ta ƙudurta a ranta ko rufewa za a yi sai dai a rufe tana tsaye.

"Malama," Shugaba ya ce, "ina jin sai haƙuri..."

"Ga na biyu, ranka ya daɗe."

Malam Lissafi ne. Ya rame, rigarsa ko guga babu. Bai shigo ba, ya tsaya daidai bakin ƙofa.

"In ta ba ni izini," ya ƙara.

Ta taka ta same shi, ta rage murya yadda yara ba za su ji ba.

"Me ya dawo da kai?"

"Na koma wurin kwamiti jiya. Na ce musu maganar da na yi ba da yawunki na yi ba, na janye ta. Na ce sartse na cire miki a gaban ɗalibai, duk mai shakka ya tambayi 'yarsa."

"Hajiya fa?"

"Ta ce ba ruwanta da ni. Na ce mata zan jira albarkarta ko shekara nawa ne, ba zan yi aure ba sai ta sa albarka, amma kuma ba zan auri wata ba. Da safen nan ta aiko mini da abin kari. Ba ta yi magana ba, amma ta aiko. Na san Hajiyata, ta fara saukowa."

Zuciyarta ta yi wani irin sanyi. Ta daure ta haɗe rai.

"Garin gyaran gira ka kusa tsone mini ido."

"Na sani, abar ƙaunata. Ki yafe mini."

"Ba ni kaɗai ka ɓata wa ba. Ga su can, su ka sa kuka. Shiga ka gaya musu."

Ya shiga ya tsaya gaban allo, mutumin da kullum yake tsare su da lissafi, yau shi ne ke share gumi.

"Na ce malamarku za ta bar ku. Kuskure na yi. Ba inda za ta."

Shugaba ya yi gyaran murya, ya ajiye makullin a kan benci ya yi tafiyarsa. Ɗakin ya kaure da tafi. Can baya wata mai bakin tsiya ta ɗaga hannu.

"Malam, ko bayan kun yi aure?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya juya ya dubi Mai Zarto.

"Amsa musu mana," ta ce tana kallon gefe. "Ai ka saba."

Ya girgiza kai.

"Wannan ba tawa ba ce. Ban ma san ko za ta aure ni ba. Ita za ta faɗa."

Ta ɗauki makullin ta buɗe akwatin, ta zaro zartonta, ta ɗora katako a kan benci. Ido sama da talatin a kanta, har da nasa, wanda ya fi na kowa tsoro. Ta bar shi ya ɗan ɗanɗana jira, don ya san yadda abin yake.

"Ko bayan mun yi aure," ta ce.

'Yan matan suka sa ihu. Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, idanunsa sun ciko.

"Malam, tsayuwar me kake yi?" ta ce, murmushin da take ta dannewa ya ƙwace mata. "Zo ka riƙe mini."