Awon Ɗakin Raihana

A motar Ɗanbatta suka haɗu, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Raihana ta dawo daga Sakkwato bayan gama jami'a, ta roƙi direba ya ɗaga gilashi domin sanyi take ji. Wani saurayi a kujerar gaba ya juyo ya dube ta.

"Sanyi? Da tsakar ranar nan? Lallai daga Sakkwato kike."

"Kai kuma da ke yawo da lema damina ta wuce," in ji ta, "ba sai an faɗa mini Zariya ka yi ba."

Kafin a yi rabin hanya fasinjoji sun rabu gida biyu. Saurayin, Tajuddeen, ya ce Zariya ce uwar ilimi: ga ganuwa da ƙofofinta, ga inuwar Samaru, ga ruwan sama har a gaji. Raihana ta ce duk wanda bai taɓa tsayawa a Hubbare da safe ba, ko ya ga fadamar hanyar jami'a ta yi shar da albasa, to ya daina maganar gari. Abin dariyar, ba wanda aka binne cibiyarsa a can. Shi ɗan Ɗanbatta ne, ita kuma 'yar wani ƙauye ce a gefen Makoɗa. Karatu kawai ya kai su, suka dawo kamar an naɗa su wakilai.

Da za ta sauka ya nemi lambarta, wai don a ƙarasa gardama.

Gardamar ba ta ƙare ba, sai dai ta sauya murya. Yakan rubuto mata: "Basakkwaciyata, yau an yi yayyafi a Samaru, na tuna ki. Da kina nan da kin nemi bargo." Ita kuma ta amsa: "Bazazzagena, ka sha sanyinka kai kaɗai. Amma ka rufe ƙirji, kada mura ta kama mini kai."

Manyansa suka kawo kayan gaisuwa aka karɓa. Daga nan ne wasa ya zama gaske. Tajuddeen yana aikin gwajin irin gyaɗa a Samaru, Raihana kuma wata makaranta a Sakkwato ta kira ta koyarwa, aikin da ta daɗe tana addu'a a kansa. Kowannensu ya ɗauka ɗayan ne zai bi shi.

Mahaifinta, Malam Nababa, ba mutumin doguwar magana ba ne. Ya kira su zaure, yana gyaran ƙotar fartanya.

"Ni ba na sa ranar auren da ba a san inda za a kai amarya ba. Ke ki je ki ga Zariya tare da gwaggonki. Kai kuma ka bi Yahya, wanta, ka ga Sakkwato. Ruwan shuka na sauka zan shiga gona. In har lokacin ba ku daidaita ba, zan mayar da kayan mutane."

Raihana ta san mahaifinta. In ya ce zai mayar, zai mayar.

A ƙarshen bazara aka yi tafiyar. Gwaggo Aina'u, wadda ba ta taɓa wuce Kano ba, tun daga Ƙofar Doka ta fara tsokanar Zagezagi irin wasan da ke tsakaninsu da Kanawa, har mai rake sai da ya ƙara mata kara guda don ta ƙyale shi. Raihana ta zo da niyyar ƙyamar garin. Ta ga tsohon masallacin birni, ta ga dutsen Kufena daga nesa, ta ga shagunan littattafai, tana ta taɓe baki. Da la'asar hadari ya haɗo, ƙasa ta yi ƙamshi. Garin ya shiga ranta, ta ji haushin hakan ƙwarai.

A gidan Ikilima, yayar Tajuddeen, aka sauke su, kuma a nan ɓangarensa yake. To, a al'ada, idan gwaggon yarinya ta taka gidan ango kafin biki, abu ɗaya ya kawo ta: awon ɗaki, don kafinta ya san girman gado. Ikilima na ganinsu ta rangaɗa guɗa, ta ɗauko igiya.

"Alhamdulillahi, ashe an gama magana! Gwaggo, bismilla, ga ɗakin."

Gwaggo Aina'u ta auna ɗakunan amare sun fi a ƙirga, ba ta iya ganin igiya ta kau da kai. Kafin Raihana ta buɗe baki ta riga ta durƙusa, tana ƙulli a kowace kusurwa. Ikilima kuwa ta buga waya Ɗanbatta. Labari ya riga su isa gida: 'yar Malam Nababa ta sallama.

Mata suka yi ta shigowa yi wa mahaifiyarta, Inna, barka. Raihana ta shige ɗaki ta yi kuka, domin ta ɗauka shiri ne aka haɗa mata. Ta rubuta masa:

"Malam Tajuddeen, na zaci gardama muke da gaskiya, ashe tarko ka ɗana mini da yayarka. Ka riƙe Zariyarka."

Ta kashe wayar. Tun da suka haɗu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar.

Kwanaki suka wuce ba ta kunna ba. Sai ga hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa. Da safe ta hangi mahaifinta ya fito da iri daga rumbu, ya kuma ce wa Inna ta haɗa kayan mutane wuri guda. Nan ta gane ba Sakkwato take tsoron rasawa ba.

Ana cikin haka Yahya ya yi sallama, ya yi baƙi ƙirin, da wata doguwar igiya a naɗe a kafaɗa. Ya ajiye ta gaban Gwaggo.

"In ji Tajuddeen. Yana waje."

"Ta mece ce?"

"Awon ɗaki ne. Gwaggo, mutumin nan zafi ya kusa kashe shi, har haɓo ya yi. Amma da na kai shi makarantar da ta kira Raihana, yara suka ji sunanta suka yi ta tsalle saboda ta koyar da su lokacin gwajin koyarwa, sai ya daina ƙorafin zafi. Washegari ya ce mu nemi gidan haya. Ya ce ba shi da gwaggo a can, shi zai auna da kansa."

Gwaggo ta warware igiyar, ta ja, ta ja, har ta kai bakin rijiya.

"Wannan ɗaki ne ko gona? Ta ina ya auna?"

"Ta waje. Zagaye ginin ya yi, yadda suke auna filin gwaji."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har Malam Nababa sai da ya sunkuyar da kai. Raihana ce kaɗai ba ta yi ba. Ta kunna waya, saƙonsa ya shigo:

"Basakkwaciyata, wallahi ban san abin da Yaya ta yi ba. Garinki ya fi ƙarfina, amma na ga abin da kike so a cikinsa. In can kika zaɓa, zan bar Samaru. Gyaɗa tana fitowa a ko'ina."

Malam Nababa ya sa aka ajiye igiyoyin biyu a gabanta.

"Ga shi ruwa ya sauka. Wacce za a kai wa kafinta?"

Ta daɗe tana kallon doguwar. Sannan ta ɗauki ta Zariya ta miƙa wa Gwaggo.

"Baba, yara masu neman malama suna ko'ina. Shi kuma aikinsa a ƙasar can yake. Kuma Inna za ta iya zuwa da safe ta dawo da yamma."

A zaure Tajuddeen ya tambaye ta a hankali, "Kin yarda ke nan Zariya ta fi?"

"Allah ya kiyaye. Sakkwato ta fi ta nesa ba kusa ba. Kai ne dai ba ka can."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka loda kayan jere, direba ya nemi abin ɗauri aka rasa. Raihana ta aiko daga cikin lulluɓi da igiyar Sakkwato, wadda ta ɓoye a akwatinta tun ranar. Igiyar ta zagaye gado da katifa da kwanuka, har ta yi saura.

Malam Nababa ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa garin ya karɓe ki. Allah ya yi muku albarka."

Aka shafa, mota ta kama hanyar Zariya.