Trotro da Buhun Gawayin Kaka

A unguwar Nima akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da kakarta Hajiya Alima, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida.

Wata Asabar kawunta Lawal, makanike a unguwar Abossey Okai, ya zo da ɗan kwikwiyo a cikin kwali. Ya ce in ya girma zai yi gadin kajin gida. Yarinya ta yi tsalle har ɗankwalinta ya faɗi.

Kaka ta harari kwalin. Ta ce, "Ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda muke salla, ba ya kusantar tukunyata. Ke ce uwarsa. Kin ji ko?"

"Na ji, Kaka!"

Ta sa masa suna Trotro, kamar motar haya, don ba ya taku biyar bai tsaya ba. Kuma duk inda ya tsaya sai ya sauke fasinja, wato ɗan fitsari.

Ranar Litinin ya tsula a tsakar gida. Yarinya ta duba hagu, ta duba dama. Ba kowa. Ta ɗauko tsumma ta goge da sauri. Sai ta ji takun Kaka. Wuf! Ta cusa tsumman a bayan buhun gawayi.

Shi ke nan fa. Tun daga ranar Trotro ya daina yi ko'ina sai jikin buhun. Safe buhu, yamma buhu. Ita kuma ta goge, ta cusa tsumma, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da safe Kaka ta hura wuta. Hayaƙi ya tashi. Kai, hayaƙin nan ba a magana! Masu sayen koko suka fara toshe hanci.

Imurana mai aski ya ce, "Ei, Hajiya! Yau wane sabon yaji kika samo?"

Kaka ta ce, "Yajin gidanku! Miƙo kwanonka."

Amma ita ma idonta na ruwa. Ta shiga gida ta ja buhun. Ga ƙasansa sharkaf, ga tsumma a baya.

Ta kira jikarta. Ta ce, "Gawayin nan ya tashi daga aiki. Karen nan kuma, in bai daina ba nan da Juma'a ta sama, zai koma kwalinsa."

Yarinya ta rungume Trotro tana kuka. Shi kuwa sai kaɗa wutsiya yake, kamar an yabe shi.

Da yamma Kawu Lawal ya zo. Ya ɗaga tsumman da tsinke, ya ce, "Wa ya ajiye wannan tuta a nan?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ni ce, Kawu. Na ji tsoro Kaka ta gani."

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ashe ke kika gina masa ban-ɗaki! Kare da hanci yake karatu, 'yata. Inda ya ji warin fitsarinsa, nan zai koma. Shi bai yi laifi ba, umarninki ya bi."

"To yaya zan yi?"

"Ki mayar da ban-ɗakin inda kike so."

Suka wanke wurin da sabulu da ruwan zafi, har sau uku. Suka kai tsumman bayan gida, bakin kwata, suka danne shi da dutse. Kawu ya ce, "Da ya tashi barci, ki kawo shi nan. Da ya ci abinci, ki kawo shi. In ya yi, ki yabe shi, ki ba shi guntun ƙosai. In ya yi kuskure, ban da duka."

Aiki ya fara. Ranar farko Trotro ya cinye ƙosai bai yi komai ba. Rana ta biyu ya yi a takalmin makarantarta. Wannan karon ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Kaka, ya yi kuskure, amma na wanke."

Kaka ta ce, "Uhm," tana ɓoye murmushi.

Da Juma'ar ta zo, Kaka ta sayo sabon buhu. Ta dire shi a wurin tsohon, ta ja kujera ta zauna. "Ku sake shi mu gani."

Trotro ya sha ruwa. Ya taho. Ya tsaya daidai buhun, ya sansana shi. Yarinya ta zuba masa ido. Sai ya yi atishawa, ya kwasa da gudu sai bayan gida!

"Ya yi! Kaka, ya yi a bakin kwata!"

Kaka ta tafa. Ta ce, "To, ya ci jarrabawa. Ya zauna. Ga ƙosai biyu, ɗaya na ɗalibi, ɗaya na malama."

Yarinya ta ci nata tana dariya. Daga ranar ta gane cewa ɓoye kuskure ƙara shi yake yi. In ka faɗi gaskiya, za ka samu mai taya ka gyarawa.