Zanen Barebari a Wuyan Hindatu

Wane ne ya fi cutar mara lafiya, mai yi masa kuka ko mai yi masa dariya? Na duba 'yan littattafan da na koya wa kaina karantawa, har yau ban samu amsa ba.

A daminar 1976 na dawo da matata Hindatu garinmu Kademi daga Ikko. Ciwon daji ne a wuyanta, ana gasa shi da inji. Fatar ta saluɓe, likita ya ba ta hutun sati biyu, ya zana layuka da shuɗin tawada inda injin ke haskawa, ya ce kada ruwa ya taɓa su. In ba ta koma ba, gashin da aka yi mata a baya ya tashi a banza.

Mutanen gari sun yi mana halacci, har gayya suka yi suka nome gonata. Amma duk wadda ta shigo dubiya sai ta rafka tagumi tana sharar ƙwalla.

Sai ga Gaji, Babarbariya mai sayar da daddawa a kasuwar Gaya. Mu Fulani ne, wasa tsakaninmu da su gado ne. Ta leƙa wuyan Hindatu ta tafa hannu.

"Lale! Baiwata ta yi kwaɗayin zanenmu, har Ikko ta je a tsaga mata! Amma wanzamin makaho ne, a kumatu ake yi!"

Jinina ya tafasa. Ni na riƙe matar nan a jirgin ƙasa tana amai, wata ta mayar da ita abin shewa?

"Fita daga gidana!"

"Badaru, wasa ne fa..."

"Da ciwo ake wasa? Kada ƙafarki ta sake taka zauren nan!"

Ta ɗauki mayafinta ta fice. Ban lura ba a lokacin, ashe Hindatu ta rufe baki da gefen zane, dariya take yi.

Daga ranar ta daina shan ko kunu. Saura kwana uku mu koma ta juya fuska bango.

"Malam, ba zan koma ba."

"Haba Hinduna, hasken idona... saura gashi goma kacal."

"A gasa wa? Ai kun gama binne ni! Inna ta shigo da kuka, maƙwabciyarmu Larai ta shigo da kuka, kai kana yi min magana ƙasa-ƙasa kamar an shimfiɗe ni. Mutum ɗaya ce ta ga ina da rai, ka kore ta!"

"Zagin ki ta yi!"

"Bashin zagi ta bar min! Na tanadi amsa, ka hana ni ramawa. Je ka kira ta."

"Ni? Wallahi ba zan je ba."

Na fita raina a ɓace. Na yi fushi da Gaji, na yi fushi da Hindatu, na fi fushi da kaina da na rantse. Washegari na ga kwanon kunun yadda aka ajiye shi, ƙudaje a kai. Na ɗaura niyyar azumin kaffara, na hau keke zuwa Gaya.

Tana hango ni ta ɗaga murya, duk layin 'yan daddawa suka waiwayo.

"Jama'a, ga bawana ya zo tuba! Durƙusa!"

"Gaji, ba ta cin abinci," na ce.

Na ga idonta ya cika, ta yi maza ta goge da bayan hannu.

"Raguwa! Bafulatana da tsoron inji? Durƙusa na ce, sannan ka goya uwar gijiyarka."

Na jingine keken, na durƙusa a tsakiyar kasuwa.