Dutsen Bakin Rijiya

"Wai ina dutsen da ke bakin tsohuwar rijiyar nan?"

Ta bayan labule amarya ta ji maigadin lambu yana tambayar mijinta. Mijin ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin dutse da ƙafa ba.

Ita kuwa ta san inda yake. Mijinta mai dashen itatuwa ne a sabon garin da ake ginawa. Ranar da aka rufe rijiyar, aka kewaye ta da furanni don masu zuwa kallo, ya ɗauko mata dutsen ta riƙa zama a tsakar gida. Igiyar guga ta yi masa zane uku.

Garin kore shar, tituna a miƙe, amma duk layinsu gidansu kaɗai ke fitar da hayaƙi. Miji na wurin aiki, ƙanwarsa na makaranta, ita da dutse suke wuni.

Da magariba tsakuwa ta faɗo kan rufi. Shiru. Can wata ta faɗo. A rana ta uku ƙanwar mijin, mai tsokanarta da "matar yaya bebiya", ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito.

Malamin da aka ɗauko ya daɗe yana karatu kafin ya tambayi ko wace ce.

"Mai rijiya ce. Shekara da shekaru ina jin hirar mata a bakin ruwa. Kun rufe, kun dasa fure. Fure ba ya gaisuwa."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Kira na aka yi."

Amarya ta sunkuyar da kai. Kullum da la'asar takan shafa zanen igiyar nan ta ce, da akwai mai jin ta, da ya zo su yi hira.

Tsohuwar ta nemi a bar mata yarinyar, malam ya ƙi. Ta ce a buɗe rijiya, miji ya ce ba hurumin mai dashe ba ne. Daga ƙarshe ta yarda za ta tafi idan aka mayar da dutsen kafin rana ta fito. Yarinyar ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari miji ya mayar da dutsen, ya dawo yana kaɗe hannu, yana mamakin wane mara hankali ne zai kira aljana. Amarya ta dubi gurbin dutsen, inda ƙasa ta yi fari. Gidan ya koma tsit.

Ta miƙa masa ruwan wanke hannu. Wannan magana, ta ce a ranta, da ita za a binne ta.